Godiya ga malami: ta baki kaɗai ta isa?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan. Ina kintsa akwatin tsofaffin takardu sai na ci karo da littafin rubutuna na aji uku na firamare. A shafin ƙarshe akwai rubutun malamarmu da jan biro, ta ce na fara iyawa, kada in tsaya. Na daɗe a zaune riƙe da littafin nan.

A shekarar ce mahaifinmu ya rasu. Na yi kusan wata biyu ban leƙa makaranta ba. Ba wanda ya kore ni, kawai dai babu wanda ya ce mini tashi ka tafi. Wannan malamar ce ta tako har gida ta zauna da mahaifiyata. Da na koma sai ta lura ina aji uku amma ban iya haɗa baƙi ba, haddar abin da ake faɗa kawai nake yi ina bin baki. Ta riƙa tsayar da ni da wasu yara huɗu bayan an tashi, rabin awa kullum, har zango ya ƙare, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Duk abin da nake ci da shi yau daga wannan rabin awa ya fito. Shekara 28 ke nan, ban taɓa komawa na ce mata na gode ba.

Tambayata biyu ce. Ta yaya ake saka wa irin waɗannan mutane? Sannan yaron talaka da bai yi dacen irin wannan malama ba, shi ke nan nasa ya ƙare?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ita kuma Allah ya saka mata da alheri. Ka neme ta tun tana da rai, ɗan'uwa, kada ka bari sai ka ji labari.

Ɗalibin Tarihi:
Malam Abu Safwan, labarinka ya tuna mini da na Albert Camus, marubucin Faransanci da aka haifa a Aljeriya a 1913. An kashe mahaifinsa a yaƙin duniya na ɗaya yana jariri, mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba. Malaminsa na firamare, Louis Germain, shi ya riƙa yi masa ƙarin darasi, ya je gida ya shawo kan kakarsa ta bar shi ya zauna jarrabawar neman tallafin shiga sakandare maimakon a tura shi neman kuɗi. Da ya ci kyautar Nobel a 1957, cikin waɗanda ya fara rubuta wa wasiƙa har da wannan malamin. Ya yi fiye da shekara talatin da barin ajinsa kafin ya rubuta. Ka ga kai ma ba ka makara ba.

Malama Mai Aji Biyu:
Na gode da wannan batu, Yaya Abu Safwan, kuma wallahi sai da na yi hawaye. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke cikina, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekarata 14 ina riƙe da alli. Duk ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, ana cika mu da saƙonni, malami uban kowa, malami fitila. Ranar 6 ga wata in koma ajin da yara suka haura tamanin, rabinsu a ƙasa suke zaune, allon ya ƙoƙe har alli ba ya kama shi. Albashi ya zo a makare, ƙarin girma kuwa an yi mini a takarda, bai taɓa bayyana a hannu ba.

Malamar da ta tsayar da kai rabin awa, yara biyar ta tsayar. Ni waɗanda ba su iya haɗa baƙi a ajina sun fi arba'in. Wa zan tsayar, wa zan sallama? Kullum da wannan nake kwana. Ina jin daɗin godiya, ba zan ɓoye ba, amma ba ta rage mini yaro ɗaya a aji.

Baban Khalifa:
Malama, da girmamawa, amma mu ma iyaye muna da namu kukan. Ni lebura ne, ba ni da halin makarantar kuɗi, yarana uku duk ta gwamnati suke. Sau nawa yaro zai dawo in tambaye shi me aka koya, ya ce malam bai shigo ba, monita ne ya rubuta sunan masu surutu har aka tashi. Wani malamin yana cikin makarantar, amma yana gindin bishiya yana latsa waya. Irin wannan ma sai na gode masa? Ni a ce a yaba wa malamai duka a dunƙule ban yarda ba. Mai aiki a yaba masa, marar aiki a tuhume shi.

Malama Mai Aji Biyu:
Baban Khalifa, ban ce babu su ba. Akwai su, kuma mu suka fi cuta, don ajinsu a kanmu ake haɗawa. Amma ka taɓa tambayar ta wace hanya wasunsu suka shigo aikin? Da takardar wani babba. Hedimasta ba ya iya ce musu uffan, don wanda ya kawo su ya fi ƙarfinsa.

Mai Nazarin Ilimi:
Ku duka biyun kuna kan gaskiya, kuma akwai binciken da ya taɓa kowane ɓangare. A wani bincike da aka wallafa a 2006, an riƙa kai ziyarar ba-zata makarantun firamare a ƙasashe shida, aka tarar kusan malami ɗaya cikin biyar ba ya nan. A Indiya ɗaya cikin huɗu ne, a Yuganda ya ɗan haura haka. Ke nan kukan Baban Khalifa ba ƙirƙira ba ne. Abin lura kuma, rashin zuwan ya fi yawa a yankunan da suka fi talauci, inda hanya ba ta da kyau, inda mai duba makarantu ba ya zuwa. Wato dai ɗan talaka ne ke ɗaukar nauyin.

A yankin Udaipur na Indiya an gwada wata dabara a ƙananan makarantun ƙauye. Aka ba malamai kyamara, ɗalibi ya ɗauki hoton malam da yara da safe da kuma lokacin tashi, aka ɗaura wani ɓangare na albashi a kan yawan ranakun zuwa. Rashin zuwa ya sauko daga kashi 42 zuwa 21 cikin ɗari, kuma sakamakon yara ya ƙaru.

Malama Mai Aji Biyu:
To ai ka ji. Wanda ya zo an biya shi daidai da zuwansa, kuma a kan lokaci. A kawo kyamarar, ni ba na tsoronta. Amma a haɗa da ɗaya rabin alkawarin.

Tsohon Hedimasta:
'Ya'yana, ku saurara wa tsoho kaɗan. Na yi shekara 35 a aikin nan kafin in ajiye, 12 daga ciki ina shugabantar makaranta.

Wannan rana ta 5 ga Oktoba da 'yata Malama ta ambata, ba don a aika saƙon yabo aka ware ta ba. A ranar 5 ga Oktoba 1966 ne aka amince da wata takarda a Faris, wadda UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyar ƙwadago ta duniya suka tsara a kan matsayin malami. A 1994 aka fara bikin ranar don tunawa da ita. Me ke cikin takardar? Maganar horo, maganar albashin da zai riƙe malami da iyalinsa, maganar cewa yawan yara a aji kada ya wuce yadda malami zai iya kula da kowane yaro shi kaɗai, maganar a riƙa shawara da malamai kafin a sauya manhaja. Har da cewa malamin da aka tura ƙauye mai nisa a sama masa muhalli mai kyau. Kuma takardar ba ta bar malamin haka ba, ta lissafa nauyin da ke wuyansa. Ashe tun asali girmama malami haƙƙi ne da nauyi a haɗe. Mu ne muka cire su muka bar taken.

Abin da ya fi ci mini rai a shekarun da na yi shi ne rabon malamai. Gogaggen malami, wanda ya san hannunsa, yana samun dama sai ya nemi a mai da shi makarantar cikin gari. Makarantar bayan gari da ta ƙauye, inda yaron bai da wanda zai duba masa littafi a gida, can ake tura sabon ɗauka, ko wanda ake so a hukunta. Ku duba wannan da kyau. Mun mai da makarantar ɗan talaka gidan horo. Yaron da ya fi kowa buƙatar gwani shi ake ba ɗan koyo. Na rubuta takarda a kan wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har na bar aiki ban ga an gyara ba.

Baban Khalifa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan magana ta shige ni. Makarantar yarana malamai ba sa shekara biyu sai a ce an yi musu canji.

Injiniya B.:
Ni fa ina ganin duk wannan zance kuɗi ne. A gina azuzuwa, a sayi littattafai, a raba wa yara kwamfuta, magana ta ƙare. A taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 ƙasashe sun amince su riƙa ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa ga ilimi, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa. Da kowa ya cika, da ba mu nan muna wannan muhawara.

Mai Nazarin Ilimi:
Injiniya, kuɗi wajibi ne, babu musu, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Bari in ba ka misali biyu.

A yammacin Kenya, a shekarun 1990, an raba wa wasu makarantun firamare littattafan karatu, aka bar wasu don a gwada. Da aka auna, makin yawancin yara bai motsa ba. Waɗanda dama su ne kan gaba a aji su kaɗai suka amfana. Dalili? Littattafan da Turanci aka rubuta su, wanda ga yawancin yaran shi ne harshe na uku, kuma an rubuta su ne don yaron da ke tafiya daidai da manhaja. Yaron da ke baya ko buɗe littafin ya yi ba abin da zai tsinta. Michael Kremer, ɗaya daga cikin masu binciken, yana cikin mutum uku da suka ci Nobel ta tattalin arziki a 2019, tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo.

Na biyu, Malawi. A 1994 aka soke kuɗin makarantar firamare, yara suka tashi daga kusan miliyan 1.9 zuwa kusan miliyan 3 cikin shekara guda. Abin alheri ne, don 'ya'yan talakawa ne suka shigo. Amma babu malaman da za su karɓe su, sai aka ɗebi dubban mutane aka yi musu kwas na 'yan makonni aka miƙa musu alli. An buɗe ƙofa, ba a shirya ɗakin ba.

Shi ya sa yanzu maganar ta wuce yawan yaran da ke cikin rajista. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 7 cikin 10 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Kafin annobar korona kashi 57 cikin ɗari ne. Yawancin yaran nan suna zuwa makaranta. Abu Safwan na aji uku ke nan, mai bin baki, sai dai su ba a tsayar da su bayan an tashi ba.

Injiniya B.:
Na karɓi gyara a kan littattafan. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa aji mai yara tamanin ba dabara ce za ta gyara shi ba, sai an ɗauki malamai. UNESCO da kanta ta ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Su kuma ba da yabo za a biya su ba.

Malama Mai Aji Biyu:
A nan kam ina tare da kai, Injiniya. Kuma ba ɗauka kaɗai ba, riƙewa. Cikin waɗanda muka fara aiki tare, waɗanda suka fi mu iya koyarwa su suka fara tafiya.

Anti Rabi:
Ni akwai abin da nake so a taɓa, maganar harshe. Na yi renon yara marayu a gidana, na ga abin da idona. Yaro ɗan shekara shida, bai taɓa jin wani harshe ba sai na gidansu, ranar farko a aji a fara yi masa magana da harshen da bai sani ba, kuma a ce da shi zai koyi karatu. Abu biyu aka ɗora masa lokaci guda. Ɗan mai hali yana jin harshen a gida, a talabijin, a bakin iyayensa. Ɗan talaka sai ya yi shiru, a ce daƙiƙi ne. Wallahi ba daƙiƙi ba ne, ba ya jin abin da ake faɗa ne.

Baban Khalifa:
Anti, a nan zan saɓa miki. Ni don yarana su iya Turanci na kai su. Harshen gida ai sun iya. Idan aka ce nawa su yi da harshen gida, 'ya'yan masu kuɗi su yi da Turanci, gobe wajen neman aiki wa za a ɗauka?

Anti Rabi:
Ɗan'uwana, tsoronka yana kan hanya, ni ma ina so su iya. Ba cewa na yi a hana su ba. Cewa na yi yaro ya fara gane yadda baƙi ke haɗuwa ya ba da kalma a harshen da yake mafarki da shi, ana koya masa ɗayan a matsayin darasi, sannan a haura da shi. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya iya a harshe ɗaya, ɗaukarsa zuwa wani ba ya wuya.

Baban Khalifa:
Zan yarda ranar da na ga masu tsara abin sun sa nasu 'ya'yan a ciki. Kafin nan ina da shakka.

Tsohon Hedimasta:
Wannan shakka taka ba zan ce ka ajiye ta ba, ɗana. Makarantar da mai yanke hukunci ba shi da ɗa a cikinta, rufinta ya fi daɗewa yana yoyo.

Mai Nazarin Ilimi:
Bari in koma kan tambayar Malama, wa za ta tsayar cikin arba'in. Akwai ƙungiyar Pratham a Indiya da ta daɗe tana aiki a kan wannan. Dabararsu ita ce a koyar da yaro daga inda ya tsaya, ba daga inda manhaja ta ce ya kai ba. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintuna: ya san baƙaƙe? Yana karanta kalma? Gajeren sakin layi? Labari? Sai a ware awa ɗaya ko fiye a rana, a rushe tsarin aji, a haɗa yara bisa matakinsu. Masu baƙaƙe wuri ɗaya ko da ɗan aji uku ne da ɗan aji biyar, masu kalma wuri ɗaya. Duk wanda ya haye sai a matsar da shi gaba. An gwada ta sau da yawa an ga tana aiki, kuma Zambiya ta ɗauke ta tun 2016 a makarantun gwamnati, da malaman gwamnati.

Sai kuma garin Sobral a jihar Ceará, arewa maso gabashin Barazil, yankin da ba shi da arziki. Wajen shekarar 2000 suka gwada yaran ƙananan azuzuwa suka tarar kusan rabi ba sa iya karatu. Suka sa buri guda a gaba, kowane yaro ya iya karatu a farkon firamare. Suka daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa, sai wanda ya ci jarrabawa da tantancewa. Suka riƙa horar da malamai a kai a kai, ana shiga aji ana taya su, ana ba da lada ga waɗanda yaransu suka ci gaba, yaron da bai zo ba a bi sawunsa gida. A 2017 garin ne ya zo na ɗaya a ma'aunin ingancin ilimi na ƙasar baki ɗaya.

Malama Mai Aji Biyu:
Ka ga abin da ya fi burge ni a ciki? Ana shiga aji ana taya su. Mu mai duba makarantu in ya zo, littafin shirin darasi yake dubawa, ya ga ko na kai shafin da ya kamata a wannan mako. Bai taɓa kiran yaro ya ce karanta mini nan ba. Idan na tsaya don na baya, a rubuta ban gama manhaja ba. Idan na gama manhaja, na bar arba'in a hanya. Amma wannan ta awa ɗaya zan kai wa hedimastanmu, mu uku ne masu ƙananan azuzuwa, za mu iya raba yaran a tsakaninmu. Malam, don Allah ka turo mini yadda takardar gwajin take.

Mai Nazarin Ilimi:
Ba sai an buga wata takarda ta musamman ba, Malama, da hannu ma za ki iya. Baƙaƙe goma, kalmomi goma masu sauƙi, jimloli huɗu gajeru, sai labari mai layi takwas zuwa goma. Ki fara da jimlolin. In ya wuce ki haura da shi labari, in ya kasa ki sauko kalmomi. Zan tura miki samfuri ta akwatin saƙo.

Abu Safwan:
'Yan uwa, na dawo. Wani abokin karatuna ya samo mini lambar ɗan malamar tamu, da yamman nan muka yi magana. Ta yi ritaya, idonta ya yi rauni. Da farko ba ta gane ni ba, sai da na ambaci rasuwar mahaifinmu, sai ta ce, kai ne mai juya "b" ta koma "d"? Na kasa magana. Na ce mata na gode, ta yi ta sa mini albarka. Ɗan nata ya gaya mini haƙƙinta na barin aiki har yanzu bai gama fitowa ba. Na ce ya turo mini takardun, ina da wanda ya san hanyar bibiya, kuma ranar Asabar in sha Allahu zan je in gaishe ta da littafin a hannuna.

Tsohon Hedimasta:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka tafi da 'ya'yanka su gan ta.

Baban Khalifa:
Malama, na gwada abin da Malam ya faɗa. Ni karatuna bai yi nisa ba, sai na sa ɗan maƙwabcinmu ya rubuta, na zauna ina saurare. Babban ya karanta labarin. Ta tsakiyar, 'yar aji huɗu, ta san baƙaƙe duka amma ta tsaya a kalmomi, tana kallon fuskata tana jira a faɗa mata ta maimaita. Ban taɓa sani ba, kullum littafinta cike yake da rubutu. Me zan yi mata?

Malama Mai Aji Biyu:
Kada ka yi mata faɗa, Baban Khalifa, kwafa daga allo take yi, kuma ba laifinta ba ne. Tunda ta san baƙaƙe, aikin ya yi sauƙi. Ka sa yayanta ya zauna da ita minti ashirin kullum, su fara da gaɓa biyu-biyu, ba da ba, ka da ka, ma da ma, har ta ji da kunnenta yadda suke haɗuwa su zama kalmar da ta sani. Kada ya faɗa mata amsa, ya bar ta ta lalubo. Ranar Litinin kuma ka je da kanka wurin malamin ajinsu da takardar nan a hannu, ka nuna masa daidai inda ta tsaya, ka tambaye shi su nawa ne irinta a ajin. Bayan mako biyu ka sake gwada ta ka gaya mana.